Ruwa ko shayi ya zube a kibod ɗin laftof ɗinka? Ga abin da ya kamata ka yi

Da yawanmu mun saba da wayoyin zamani masu lambar IP68, waɗanda ko sun faɗa ruwa na ɗan lokaci ba sa mutuwa. To laftof ba haka take ba. Ramukan da ke tsakanin madannanta a buɗe suke, kuma a ƙarƙashinsu ne babban allon injin yake, wanda masu gyara ke kira bod. Kofin shayi ɗaya ya isa ya kashe kwamfutar da ka tara kuɗinta shekara guda.

Wutar da ke gudana a ciki ita ce babbar matsala

Idan ruwa ya taɓa bod alhali wuta na gudana, sai ya haɗa layukan da bai kamata su haɗu ba, wani sashe ya ƙone. Shi ya sa mintin farko ya fi komai muhimmanci:

1. Cire caja nan take. Idan hannunka ko ƙasa a jiƙe suke, fara kashe soket ɗin bango.
2. Danna madannin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa 10 har ta mutu. Kada ka tsaya adana aikin da kake yi.
3. Zare maus, filashi da duk abin da ke jone.
4. Idan batirinta mai fita ne, cire shi.
5. Buɗe ta, ka kifa ta a kan tawul, kibod na kallon ƙasa, don ruwan ya fito ta inda ya shiga.

Me ya zube?

Ruwa zalla ya fi sauƙi. Amma shayi mai madara, lemon kwalba, zoɓo ko kunu, ko sun bushe suna barin sukari da tsami. Sukarin ne ke sa madannai danƙo, tsamin kuma yana cin ƙananan ƙarafan bod a hankali. Wannan ne dalilin da za ka ga kwamfuta ta tashi lafiya lau yau, bayan sati biyu ta mutu murus.

Kurakuran da suka fi yawa

Kunna ta "don a gani ko tana yi" shi ne mafi muni. Bar ta a kashe aƙalla awa 48 a wuri mai iska ko gaban fanka.

Binne ta a shinkafa ba ya tsotso ruwan da ke ciki, sai dai ya ƙara mata ƙura. Kamfanin Apple ma ya gargaɗi masu iPhone da su daina yin hakan.

Shanya ta a rana ko hura mata na'urar busar da gashi na iya lalata batiri da sikirin, iskar kuma ta ƙara tura ruwan ciki. Haka ma jijjiga ta.

Yaushe za a je wurin mai gyara?

Yawancin laftof na yanzu batirinsu a ciki yake, ko ka kashe akwai sauran wuta a bod. Don haka idan abin da ya zube mai sukari ne, ko yana da yawa, kai ta ranar, kada ka jira ta bushe. Ka ce masa ya fara cire batirin, sannan ya wanke bod ɗin da sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko sama, kafin ya gwada kunnawa. Ka faɗa masa gaskiyar abin da ya zube. Sannan ka sani, garanti na yau da kullum ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa.

Ko da bod ya ƙone, sau da yawa ana iya zare SSD ko hadis a kwashe fayiloli. Sai dai a wasu, irin su MacBook na zamani, ma'ajiyar a manne take da bod. Idan irinta gare ka, tura muhimman takardunka Google Drive ko wani hadis na waje tun yau, kuma ka riƙa ajiye kofinka nesa da kwamfuta.