Surinam: Ƙasar da Gonakin Rake Suka Tara Mata Jama'a

A gaɓar arewa maso gabashin Amurka ta Kudu akwai wata ƙaramar ƙasa mai suna Surinam, wadda kurmi ya rufe mafi yawan faɗinta, mutanenta kuma ba su wuce 600,000 da 'yan kai ba, amma duk da ƙarancinsu asalinsu ya fito daga nahiyoyi huɗu. Wannan haɗuwa ba ta zo bisa son ran kowa ba. Buƙatar ma'aikata a gonakin rake da kofi ce ta kawo yawancin al'ummomin, kowace a lokacinta.

Turawan Ingila ne suka fara kafa gonaki a yankin, kafin 'yan Holan su ƙwace shi, yarjejeniyar Breda ta 1667 kuma ta tabbatar musu da shi, yayin da Ingila ta riƙe garin Holan da ya zama Niyu Yok. A lissafin wancan zamani Holan ba ta ga ta yi asara ba, domin sukari ya fi jawo riba. Da yake Arawak da Karib, mazauna ƙasar na asali, ba su isa aikin ba, sai aka riƙa kawo bayi daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, aka kuma azabtar da su har Surinam ta yi ƙaurin suna ko a tsakanin sauran yankunan bauta.

Da yawa daga cikin bayin sun gudu zuwa kurmi, inda suka kafa garuruwa a bakin koguna, suka naɗa sarakunansu, suka riƙa kai farmaki gonaki suna kuɓutar da 'yan uwansu. Su ne ake kira Marun. Da gwamnatin mulkin mallaka ta gaji da yaƙin da ba ta cin nasara a cikinsa, sai ta ƙulla sulhu da ƙabilun Marun: Ndyuka a 1760, da Saramaka a 1762, ta amince da 'yancinsu, bisa sharaɗin su daina karɓar sababbin gudajjun bayi. Ke nan waɗannan mutane sun samu 'yanci da ƙarfin makami shekaru ɗari kafin a soke bauta, abin da tarihin da ake koyarwa a makarantu da dama bai ba shi matsayin da ya dace ba. Zuriyar waɗanda suka zauna a gonaki da birni kuwa su ne Kiriyol, kuma har yau akwai tazara tsakanin ɓangarorin biyu duk da asalinsu ɗaya.

An soke bauta ranar 1 ga Yuli, 1863, amma aka tilasta wa 'yantattun ci gaba da aiki har 1873, a shekarar kuma jirgin farko ya iso da 'yan ƙwadago daga Indiya, waɗanda aka ɗauka bisa yarjejeniyar aiki ta shekara biyar. Kimanin 34,000 ne suka zo kafin a tsayar da tsarin a 1916. Daga 1890 zuwa 1939 aka kawo kusan 33,000 daga tsibirin Jawa na Indonesiya, wanda shi ma a lokacin yana hannun Holan. 'Yan Sin kaɗan sun riga su zuwa.

Jawawa, waɗanda akasarinsu Musulmi ne, sun zo da wata matsala mai ban sha'awa: a ƙasarsu alƙibla tana yamma, amma a Surinam Makka tana gabas, sai wasu suka ci gaba da fuskantar yamma kamar yadda suka gada, wasu suka juya gabas, har rabuwar ta kai ga gina masallatai dabam-dabam.

Harshen Holan ne na hukuma, amma Sranan Tongo, harshen da bayi suka gina galibi daga kalmomin Ingilishi, shi ne na kasuwa da titi. A babban birni Paramaribo, masallaci da wurin ibadar Yahudawa suna makwabtaka a titi ɗaya, abin da 'yan ƙasar ke alfahari da shi, ko da yake siyasa ba ta yi irin wannan zaman lafiya ba. Jam'iyyu sun tashi ne bisa ƙabila, kuma lokacin da Henck Arron, jagoran Kiriyol, ya matsa a karɓi 'yancin kai, Jagernath Lachmon na Indiyawa ya nuna tsoron danniya. An samu 'yancin ranar 25 ga Nuwamba, 1975, bayan dubban mutane sun kwashe kayansu zuwa Holan. Juyin mulkin Desi Bouterse na 1980 da yaƙin basasar 1986 zuwa 1992, wanda ya fi shafar ƙauyukan Marun, sun ƙara korar wasu, ta yadda a yau masu asalin Surinam da ke Holan sun haura rabin adadin waɗanda suka rage a gida.