Tahkimi Tsakanin 'Yan Kasuwa da Matsayin Kotu: Fiƙihun Malikiyya da Dokar Nijeriya

Idan saɓani ya auku tsakanin fatake a kasuwar hatsi ko ta dabbobi a Birnin Gwari, galibi ba kotu ake fara zuwa ba. Akan kai maganar gaban sarkin kasuwa ko wani malami da aka yarda da amanarsa. Idan ɓangarorin biyu suka ɗora masa yanke hukunci, wannan shi ne tahkimi. Ya bambanta da sulhu, inda mai shiga tsakani yake kusanto da su kawai har su daidaita da kansu.

Malaman Malikiyya sun halatta tahkimi a sha'anin dukiya, kamar bashi da ciniki. Mukhtasar na Khalil ya fitar da haddi, kisa, li'ani, nasaba da saki daga hurumin mai tahkimi, domin akwai haƙƙin Allah ko na wani mutum daban a cikinsu. Idan hukunci ya fita, ya zama lazimi, kuma alƙali ba ya warware shi don ya saɓa wa ra'ayinsa, sai in zalunci ne bayyananne. Hanafiyya kuwa sun ba alƙali damar soke abin da ya saɓa wa mazhabarsa.

Dokar tahkimi da sasanci ta Nijeriya ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta yi kusa da Malikiyya. Idan akwai rubutacciyar yarjejeniyar tahkimi, kotu takan dakatar da ƙara ta mayar da masu jayayya ga abin da suka ƙulla. Bayan hukunci, kotu ce ke tilasta zartar da shi. Mai neman a soke shi yana da wata uku, bisa dalilai ƙayyadaddu, kamar hana shi kāre kansa ko wuce hurumi.

Matsalar fatakenmu ita ce tahkiminsu na baka ne. Kotun Ƙoli ta amince da tahkimin gargajiya a shari'ar Agu da Ikewibe (1991), amma sai an tabbatar cewa da yardar kowa aka shiga. Wanda hukunci bai yi wa daɗi ba yana iya musantawa, haƙƙi ya salwanta. Saboda haka ya kamata malamin da aka naɗa mai tahkimi ya rubuta yardar ɓangarorin da hukuncinsa a gaban shaidu. Ayar bashi a Suratul Baƙara ta riga ta koyar da wannan ladabi. Allah ne Mafi sani.