Mole da Dutsen Nakpanduri

Mutumin Chereponi da ya tara ɗan kuɗin shan iska, Mole ake fara ambata masa. Kuma da dalili. Shi ne gandun namun daji mafi girma a Gana, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500, an keɓe shi tun 1958, ya zama gandun ƙasa a 1971. Sai dai tafiyar ba ta wasa ba ce: a bi ta Yendi, a ratsa Tamale, a kai Damongo da Larabanga, yini guda cur a mota.

Masaukin baƙi na Mole a kan tudu yake, ƙasansa kuma ga tafki. Da rani, idan ruwan daji ya ƙafe, kana zaune za ka ga giwaye sun gangaro, suna ɗiban laka da hanci suna watsa wa bayansu. Gadu na kiwo a bakin ɗakuna, ya durƙusa a kan gwiwoyin gaba yana tonon saiwa. Da sassafe ma'aikaci mai bindiga yana shiga gaba, baƙi na biye da shi a ƙafa. Yaron da bai taɓa ganin giwa ba sai a littafi, wannan safiyar kaɗai ta biya kuɗin motarsa.

Duk da haka zuciyata tana Nakpanduri, a cikin jiharmu ta Arewa maso Gabas, wadda aka ƙirƙiro a 2019. Garin yana bisa gaɓar dogon dutsen nan na Gambaga, inda ƙasa ta yanke ta faɗa kwari lokaci guda. Ka tsaya a baki, ido ya tafi har wajen Garu da Bawku: kaɗanya da ɗorawa warwatse, gonakin gero, gidajen Kusasi masu zagayayyun ɗakuna. Hanyar Bawku tana hawowa a karkace, manyan motoci na nishi, yaran mota na biye da katakon tare taya.

Lokutansu ma sun saɓa. Mole ta rani ce. Nakpanduri kuwa ƙarshen damina take so, wajen watan Oktoba, kafin hazon hunturu ya rufe kwarin.

Abin da Mole ta fi shi ne kulawa. Akwai ƙofa, akwai ma'aikata, akwai wurin kwana, ga masallacin Larabanga kusa, baƙo ya haɗa ziyara biyu. A Nakpanduri baƙo shi da kansa yake neman inda zai tsaya da wanda zai nuna masa hanya, alhali Nalerigu, mazaunin Nayiri sarkin Mamprusi, tana nan kusa da ragowar ganuwar Naa Jeringa. Wannan yana damuna ƙwarai. Ɗalibanmu na jin labarin wuraren shaƙatawa na kudu, da yawansu kuwa ba su taɓa leƙa wannan kwarin ba. Makarantun Chereponi da Yendi su fara kai yara can a watan Oktoba, a tafi da safe a kwana gida.