Bayani A Kan Tsadar Albarushi Da Dalma

'Yan kasuwa da manoma na Mada har Tsafe da Bungudu, ga bayani a kan kukan da maharba ke yi, wai 'yan koli sun tsauwala kuɗin albarushi da dalma.

To jama'a, ku sani bindigar toka maƙerinmu ke ƙera ta, amma abincinta ba duka ne na gida ba. Gawayi namu ne. Farar wuta kuwa daga waje take zuwa, da dala ake sayo ta. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka. Duk abin da ya hau mota daga Kano ko Funtuwa ya sauka Gusau, sai ya iso da wannan nauyi a kansa.

Na biyu, tsoro. Kaya ne da direba ba ya son ɗauka, don in an tare shi a shinge, wa zai yarda na korar biri ne daga gonar dawa? A 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako a Zamfara, a Yunin 2022 aka sake rufe ta Mada saboda 'yan bindiga. Masu sayarwa suka ragu, masu nema suka ƙaru, tunda yanzu ba maharbi kaɗai ke nema ba, har mai gadin gari. Ba na wanke ɗan koli duka, akwai mai ɓoyewa sai ta yi wuta, kamar yadda wasunmu ke yi da gero, Allah Ya shirye mu.

Mu masu awo abin ya shafe mu. Gonar da ba a tsare ba, biri da gyado ke cin rabonta, tiya ta ƙara kuɗi tun da kaka.

Dalma kuwa ta bi kuɗin tsohon batirin mota, wanda 'yan gwangwan ke saye da tsada. Wasu don sauƙi suna fasa shi su narka a cikin gida. Ku bari, don Allah. Gubar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum a 2010.