Daga Ƙanƙarar Amurka Zuwa Duwatsun Birnin Kudu: Shirin Zangon Kwana Uku

Watannin baya, ɗana na fari (mai karatu zai yi mini uzuri idan na sakaya sunansa, domin boko bai raba wasunmu da kunyar ɗan fari ba) ya same ni a falo da daddare, waya a hannu ɗaya, takarda a ɗaya hannun. Ya durƙusa ya ce, "Abba, ga tsarin hutunmu na bana." A cikin wayar wasu samarin Amurka ne suka cika mota da tanti da tukwane, suka ɗaure kekuna a bayanta, suka ɗora wasu faffaɗan alluna a samanta. Da safe su hau tsauni su tsaya kan allunan nan su yi ta zamiya a dusar ƙanƙara, da yamma su gangaro kwari su hau keke, da dare su hura wuta su kwana a daji. Takardar kuwa jerin buƙatu ce da ya rubuta da Hausa, saboda dokar gidana ce duk mai neman kuɗi a hannuna ya rubuto da Hausa. A samanta ya sa kanu da manyan baƙaƙe: TAFIYAR BAZARA.

Wannan kanu shi ya fara tsayar da ni, kuma ba laifin yaron ba ne. Mu masu harkar harshe da fassara mu muka daɗe muna aron kalmar bazara muna liƙa wa lokacin nan da Turawa ke murna da shi, wato daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da sanyi ke sakinsu, ƙanƙara ta fara narkewa, itatuwa su yi toho. Akwai ɗan dalili, tunda mu ma a gabanin damina itatuwanmu ke fitar da sabon ganye. Amma kamar ta tsaya a nan. Abin da ya sa samarin can suke iya haɗa wasannin biyu a tafiya guda shi ne, a jihohi irin su Kolorado da Yuta, a watan Afrilu ƙanƙara tana nan a ƙwanƙolin tsaunuka alhali ƙasan kwari ya riga ya bushe. A Kano da Jigawa kuwa Afrilu shi ne tsakiyar zafi, ma'auni yakan taɓa digiri 40 ya wuce, lokacin sanƙarau ke nan, lokacin da rijiyoyi ke ja baya, kunama da maciji su fito neman sanyi. Wanda ya kwashi yara ya kai su kan falalen dutse da tsakar ranar bazara saboda ƙamus ya ce masa lokacin shaƙatawa ne, to ƙamus ya cuce shi.

Sauƙin abin shi ne in ce masa babu, mu ba mu da ƙanƙara, je ka yi karatu. Haka aka yi wa yawancinmu, kuma haka abokan aikina da dama ke yi wa nasu 'ya'yan, sai dai masu hali su saya musu tikitin Dubai. Abin da ya hana ni shi ne tambayar da na yi masa a daren: ka san inda Birnin Kudu yake? Ya san sunan, domin ya ji an ce Alhaji Aliko Ɗangote ya yi karatu a kwalejin gwamnati ta garin, ya kuma san Bamaina ta tsohon gwamna Sule Lamido tana can. Amma da na buɗe taswira ya kasa ɗora yatsa a kai, alhali yaron nan yana iya lissafo mini tsaunuka biyar na Amurka ba tare da ya numfasa ba. Garin da bai fi tafiyar kilomita 130 daga ƙofar gidanmu ba ya fi masa nisa a zuciya da ƙasar da sai an ƙetare teku.

To, ga abin da na gaya masa, wanda nake zaton wasu daga cikin masu karatu ma sabo ne a gare su. A duwatsun da ke kewaye da Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai zane-zanen da mutanen dā suka yi a jikin kogo da ƙarƙashin rumfunan dutse, akasarinsu na shanu. Abin lura a nan, shanun da aka zana ba su da tozo. Wasu dogayen ƙaho gare su, wasu gajeru irin na muturu, wato ba irin shanun da Fulani ke kiwo a yankin yau ba ne, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna daɗewar zanen. Baturen nan masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952 kuma ya yi suna kan binciken gumakan Nok, shi ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. A Birnin Kudu ne, cikin watan Yuni na 1955, aka fara shigar da duwatsun kiɗa cikin littattafan masana, wato duwatsun da idan an ƙwanƙwasa su da ɗan dutse sukan yi amo kamar ƙararrawa, kowane gurbi da irin muryarsa. Fagg ya bayyana su a 1956, daga nan aka shiga gano irinsu a wasu sassan Afirka. Ya kuma ruwaito cewa amaren garin kan ziyarci ɗaya daga cikin duwatsun nan a lokacin bikinsu. Wuraren suna cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, kuma hukumar gidajen tarihi ta tarayya tana da cibiya a garin domin su.

Amma abin da ya sa yaron ya ajiye waya shi ne na ƙarshe. A 1957 Fagg ya sake rubutu, wannan karon har da duwatsun sulu: gangaren falalen dutse da ya yi santsi, ya yi sheƙi, saboda yara sun yi shekaru aru-aru suna hawa suna zamewa a kai, wani lokaci a zaune kan ɗan faffaɗan dutse. Na ce masa, wasan da kake kallo a waya sai a 1998 aka shigar da shi gasar Olamfik, a Nagano ta Japan. Yaran ƙasarka sun riga shi da nisa, allonsu dutse ne, ƙanƙararsu ma dutse ce. Ban ce masa abu ɗaya ba ne. Mai zamiya a ƙanƙara a tsaye yake, yana karkata yana juyawa, in ya faɗi taushi ya tare shi. Mai sulu a zaune yake, in ya faɗi kuwa fatar gwiwarsa ce za ta biya. Sai dai daɗin da ake nema guda ne, wato ka saki jiki gangare ya ɗauke ka.

Daga nan muka zauna muka sake rubuta takardar, kuma a nan ne na ga amfanin tsofaffin kalmominmu. Bahaushe bai san kwanan daji don nishaɗi ba, gaskiya ne, amma ya fi kowa sanin kwanan hanya. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro suna da madugu mai yanke shawara, da jagaba mai shiga gaba, da guzuri, da zango. Kalmar zango ma ta bi su har Gana, inda unguwannin baƙi ke amsa sunan har yau. Abin da na fi so yaron ya gane shi ne, ayari ba ya ya da zango a inda ya ga dama. A gefen gari ake sauka, da sanin masu gari. Saboda haka na soke layin da ya rubuta "kwana a tsakiyar daji". Za mu isa da rana tsaka, mu je mu gaida mai gari, mu faɗi ko mu su wane ne da abin da ya kawo mu, mu sanar da jami'an tsaro, sannan mu kafa tanti a inda aka nuna mana, ko da filin makarantar firamare ne. Ya ɓata rai ya ce, "Abba, ai wannan ba kwanan daji ba ne, kwanan ƙauye ne." Na ce na yarda. A halin da arewa ke ciki a shekarun nan, uban da ya kai iyalinsa jeji ya kwana ba da sanin kowa ba, ba jarumi ba ne. Kuma baƙon da aka gani da dare a gindin dutse da fitila, ba wanda ya san da zuwansa, shi ma abin tsoro ne ga mutanen wurin, suna da haƙƙin su tuhume shi.

Batun lokaci bai ɗauke mu gardama mai tsawo ba. Bazara ta fita saboda zafi. Damina ta fita saboda dutse jiƙaƙƙe ba abin hawa ba ne, gonaki kuma sun rufe turbobi, ga hanya. Mutanen yankin ba su manta da watan Agusta na 2021 ba, lokacin da ruwa ya karya gada a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, motar fasinja ta afka ciki, mutum 21 suka rasu. Abin da ya rage shi ne hutun Disamba: an gama girbi, an kwashe gero da dawa da riɗi, ƙasa ta buɗe, rana ba ta da kaifi. Kuɗin da za a biya shi ne sanyin dare da ƙurar hunturu, don haka bargo da rigar sanyi da man shafawa suka maye gurbin rabin abin da ke cikin jerin farko.

Hanya kuwa sananniya ce: daga Kano mu bi ta Wudil, mu wuce Kwanar Huguma, mu sauka Birnin Kudu. Kwana biyu a nan, ɗaya na zane da duwatsun kiɗa tare da ɗan jagora daga cibiyar, ɗaya na keke. Rana ta uku mu bi ta Babaldu mu nufi Gwaram, tafiyar awa guda da 'yan mintoci. Zuwa da dawowa da 'yan ratse-ratse na ƙiyasta kilomita 450, kuma tsohuwar motata takan sha lita guda a kilomita goma, wato lita 45 ke nan. Kafin janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 ba zan ko tsaya lissafa wannan ba. Yanzu shi ne layi mafi nauyi a takardar, ya fi abinci, ya fi hayar tanti.

A kan keke mun ɗan ja. Shi yana son irin na bidiyo, mai giya da yawa da abin tare gargada, wanda kuɗinsa ya haura albashina na wata. Na tuna masa cewa manoman kudancin Jigawa sun shekara da shekaru suna bin turbobin da ke tsakanin duwatsun nan a kan Raleigh da Phoenix marasa giya, da buhun hatsi a baya, wani lokacin har da akuya. (Kakanninsa basukur suke ce masa, kalmar da suka aro daga Turanci suka gyara ta zauna a bakinsu, yau sai a bakin tsofaffi.) Mun daidaita a kan kekuna biyu na gwanjo masu kaurin taya, da hular kwano ga kowa, wadda a kanta ban karɓi roƙo ba. Abokin gabar mai keke a ƙasarmu ba gangare ba ne, tsidau ne da ƙaya da rairayi, saboda haka famfo da kayan faci sun fi giya muhimmanci, kuma sai da na kai shi wurin mai faci na bakin layinmu ya yini yana koyo. Na kuma gaya masa idan muka haɗu da garke a burtali, mu ne za mu sauka mu ba da hanya.

Gwaram tawa ce a cikin tafiyar, ban ɓoye musu ba. Ƙasa ce ta iyaka, tana jingine da Bauchi, kuma daga nan zuwa Ningi da Warji harsuna ke cakuɗe. Warjanci, wanda ake jin sa har cikin ƙasar Birnin Kudu, ɗan dangin Hausa ne a cikin harsunan Cadi, yana cikin rukunin arewacin Bauchi da Neil Skinner ya yi nazari a kansu a 1977. Ba da nisa ba, Shiranci da Teshenanci da Auyokanci sun riga sun mutu, Hausa ta haɗiye su, sai sunayen garuruwa suka rage. Ina so in zauna da dattawa in tambayi sunan kowane dutse da kowane rafi, da abin da suke kiran wasan sulu a can, in naɗa a waya. Yaran za su riƙe littafi su rubuta. Ɗana ya ce wannan aikin jami'a ne na saka a cikin hutunsa, kuma bai yi ƙarya ba.

Akwai sharaɗin da na gindaya wanda nake so duk mai sha'awar bin sawunmu ya ji. Ba za mu taɓa zanen da hannu ba, ba za mu yayyafa masa ruwa don ya fito a hoto ba, ba za mu hura wuta kusa da shi ba, kuma ba wanda zai rubuta sunansa da gawayi ko fenti a jikin dutse. Sulu sai a inda yaran gari ke yi, bayan mun ga sun yi. Na ga duwatsu a wurare da dama na arewa da masu fasa tsakuwa suka mayar tarin kwalta da harsashin gini, na kuma ga waɗanda baƙi masu ilimi suka ɓata da sunayen masoyansu. Na biyun sun fi ba ni haushi, domin mai fasa dutse abinci yake nema.

Uwargida ta saurari duk wannan ba ta ce uffan ba, sai da muka gama ta ce, "Malam, kai da rabonka da kwana a ƙasa tun hidimar ƙasa?" Sharaɗinta shi ne sai mun gwada kwana guda a tsakar gida tukuna, da tantin da risho da jarkokin ruwa, ba mai shiga ɗaki sai gari ya waye. Mun yi gwajin a makon jiya. Turakun tantin sun ƙi shiga daɓen siminti, muka danne igiyoyin da bulo. Wajen ƙarfe biyu na dare autarmu ta lallaɓa ta koma wurin uwarta, ni kuma na tashi da ciwon baya wanda har yanzu bai sake ni ba. Da safe yaron ya ɗauko takardar, ya soke kalmar bazara ya rubuta hunturu, ya ƙara layi a ƙasa: katifar soso guda ɗaya, ta Abba.