Gyaran Firiji Da Iyakwandishan: Sana'ar Da Ke Ci Da Mai Ita A Kafancan

A da, burin yawancin samarin Kafancan shi ne su sami aikin reluwe, domin garin mahaɗar jiragen ƙasa ne tun 1927. Yau kuwa harkar jirgi ta ja baya, aikin albashi ya yi wuya, sai sana'ar hannu. Daga cikin sana'o'in da ke ci da masu su akwai gyaran firiji da iyakwandishan.

Dalili kuwa a fili yake. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, sabon firiji ya gagari talaka, saboda haka wanda nasa ya lalace sai ya nemi mai gyara. Ga kuma wutar lantarki mai hawa da sauka, wadda kan ƙone kwamfireso. Mai sayar da kifin ƙanƙara, da mai zoɓo da kunun aya, da asibitin da ke ajiye allurar rigakafi tsakanin digiri 2 da 8, duk ba su iya jiran gobe. Wanda ya ƙware, shi ake nema har daga Kagoro da Zonkwa da Kwoi.

Amma fa kada saurayi ya ruɗu. Aikin iyakwandishan na bazara ne, watau Maris da Afrilu. Da damina ta sauka ko hunturu ya kama, sai ciniki ya yi sanyi. Firiji shi ne ke riƙe gida duk shekara. Mai hankali yakan haɗa biyun, ya kuma yi tanadi lokacin da kasuwa ke ci.

Har ila yau, zamani riga ne. Bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987, an daina shigo da iskar R12 tun 2010, ana kuma janye R22 sannu a hankali. R600a da ke cikin firijin zamani tana kama wuta, don haka wanda ya taɓa ta da ka, yana wasa da ransa ne.

Saboda haka, mai son samu ya zauna wurin maigida ya koya sosai, sa'an nan ya nemi takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ko ta NABTEB. Da ita ake shiga kwangilar asibiti da banki da otal, inda samun ya fi tsoka. Iyaye, lalle a duba wannan hanya.