Rubutun muhawara: yadda ɗalibi zai gina hujja a jarrabawar Probatoire da Baccalauréat

A tsarin karatun Faransanci na Kamaru, ɗalibi na zana Probatoire a ƙarshen ajin Première, sannan Baccalauréat a ƙarshen Terminale, dukkansu a ƙarƙashin Office du Baccalauréat du Cameroun. Ɗaya daga cikin ayyukan da ake iya tararwa a takardar Faransanci da ta falsafa shi ne rubutun muhawara, wanda ake kira disertasiyon. Maki a kan 20 ake bayarwa, kuma tambaya guda tana iya ɗaga ɗalibi ko ta kayar da shi.

Ga 'ya'yan unguwar Briqueterie da ke Yawunde, aikin ninki biyu ne. Hausa ko Fulatanci ake yi a gida, Faransanci kuma a aji. Amma jayayya ba baƙuwa ba ce a Brik. Duk wanda ya ga ana ciniki da tela, ko ana gardamar ƙwallo a wajen mai suya, ya san yaran unguwar sun iya kare magana. Abin da ya rage shi ne tsari.

Matakin farko shi ne fahimtar tambaya. Kafin ɗalibi ya fara rubutu, ya ja layi a ƙarƙashin muhimman kalmomi, ya fayyace ma'anar kowace, sannan ya sake faɗin tambayar da kalmominsa. Wanda ya tsallake wannan mataki yakan cika shafuka kan abin da ba a tambaya ba, kuma kaucewa daga batu laifi ne da masu gyaran takarda ba sa yafewa.

Gabatarwa tana da ayyuka uku: shigo da batun, fito da matsalar da ke cikinsa a matsayin tambaya, da sanar da hanyar da rubutun zai bi. Matsalar ita ce ƙashin bayan aikin. A ɗauki misali: "Koyar da harsunan gida a makaranta ɓata lokaci ne." Matsalar a nan ba jerin harsunan Kamaru ba ce. Tambayar ita ce: shin makaranta za ta iya shirya yaro don neman aiki da Faransanci da Ingilishi ba tare da ta raba shi da harshen iyayensa ba?

Gundarin rubutu yakan bi tsari mai hawa uku, wato tez, antitez da sentez. A hawa na farko ana kare ra'ayin da aka bayar: tsarin mulkin 1996 ya ce Faransanci da Ingilishi ne harsunan hukuma, da su ake jarrabawa, da su ake neman aikin gwamnati, kuma awoyin aji ba su da yawa. A hawa na biyu ana nuna inda ra'ayin ya gaza: wannan tsarin mulkin dai ya ɗora wa ƙasa kare harsunan gida da bunƙasa su, kuma yaro ya fi saurin kama darasi da harshen da yake tunani da shi. Hawa na uku ba cewa "kowa da gaskiyarsa" ba ne. Nan ake kawo mafita, misali a fara koyon karatu da harshen gida, ya zama tsani zuwa harsunan hukuma.

Kowane sakin layi ya ɗauki hujja ɗaya kawai. A faɗi hujjar, a bayyana dalilinta, sannan a kawo misali. Misali shi kaɗai ba hujja ba ne, haka ma karin magana. A zaure, dattijo na iya rufe gardama da karin magana ɗaya kowa ya yi shiru, amma mai gyaran takarda yana so ya ga dalilin da ya sa maganar ta zama gaskiya. Misalai mafi ƙarfi daga littattafan da aka karanta suke fitowa. Mai magana kan mulkin mallaka zai iya dogara da Une vie de boy na Ferdinand Oyono, wanda ya fito a 1956. Mai magana kan ci gaba kuwa yana da De la médiocrité à l'excellence na Ebénézer Njoh-Mouelle. Idan ɗalibi bai tuna ainihin kalmomin marubuci ba, gara ya faɗi ra'ayinsa a taƙaice da ya ƙaga masa magana.

Kalmomin haɗi, takwarorin "da farko", "sai dai" da "saboda haka", su ne ke nuna wa mai karatu inda aka dosa. Kammalawa kuma ta tattara abin da aka gano, ta amsa tambayar gabatarwa kai tsaye, ba tare da sabuwar hujja ba.

Akwai dabarar da iyaye da yayye za su iya taimakawa da ita ko da ba su yi boko mai zurfi ba. Ɗalibi ya bayyana musu hujjojinsa da Hausa, su kuma su ƙalubalance shi. Hujjar da ta kasa tsayuwa da Hausa ba za ta tsaya da Faransanci ba. Sai dai a lokacin rubutu kada ya fassara kalma da kalma, ma'anar zai ɗauka. Wanda ya saba yin haka sau ɗaya a mako tun farkon shekara, zai shiga ɗakin jarrabawa ya san inda zai fara.